Bargon Tanti

Ni mai faci ne a bakin tashar Tawa.
Shekara goma sha bakwai ina toshe bakin da ƙusa ta buɗe.
Na san hucin tayar babbar mota,
na san tsakin ta kabu-kabu,
amma ni da allura ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.

Sai ga Sahura, shekara shida da giɓi a baki,
ta tsaya mini a ka da ƴar tsanarta:
"Baba, Tanti na rawar ɗari.
Ruwan jiya ya feso mata ta taga."
Uwarta na Madawa wajen suna, sai jibi.
Na duba dama, na duba hagu,
ba babba a gidan sai ni da akuya.

Bayan la'asar na je wurin Agali tela.
Ya zazzage mini kwandon ƙarƙashin keke:
guntun atamfa mai zanen kifi,
shadda ruwan ƙasa, saura daga rigar wani ango,
shuɗin yadi na ƴan lakkol,
da wani ja, ko tafin hannu bai kai ba.
Ya ce, "Kai da zare? Allah ya tsare yatsu."
Bai karɓi ko dala ba.
Dariyar da ya yi ta biya shi.

Da dare aka ɗauke kuran.
Na ciji cocila, na zauna bisa turmi.
Sau tara zare yana zuwa kafar allura
yana komowa, kamar mai kunyar surukai.
Na lashe shi, na murza shi, na lallashe shi.
Da ya shiga kuma, ashe ban ƙulla gindinsa ba,
ya bi ta cikin ƙyalle ya fice abinsa.

Na sake.
Wani ɗinkin takun raƙumi, wani na tururuwa.
Kifi ya juya ciki sama.
Allura ta sami babban yatsana,
ɗigon jini ya sauka kan kifin,
na ce, to, dama ba ka da ido, ga shi.
Da taya ce, da tuni na shafa sholisho
na danne da gwiwa na huta.

Can tsakar dare na miƙe in sha ruwa,
bargo ya miƙe tare da ni.
Na ɗinke shi da wandona.

Ina warwarewa na tuna Inna,
yadda take zama bakin ƙofa da rigunanmu mu bakwai,
tana cizon zare tana ba mu labari.
Labarin na riƙe, har yau ina iya maimaita shi.
Hannun ne ban taɓa kallo ba.

Na yagi auduga daga matashin kaina,
na yanke hannun tsohuwar rigar aiki na yi masa baya.
Ladan na gyaran murya na cije zaren ƙarshe.

Gari ya waye, na ƙirga kusurwa: biyar.
Na auna shi jikin Tanti:
in an rufe kafaɗa, ƙafa na waje,
in an rufe ƙafa, ƙirji na shan iska.

Sahura ta karɓa, ta juya shi, ta sake juyawa
kamar mai sayen albasa a kasuwar Lahadi.
Ta sa yatsa cikin wani rami da na bari.
Ta kai shi hanci, ta daɗe.
"Warinka yake yi, Baba."
Ta lanƙwashe ƙafafun Tanti, ta lulluɓe ta tsaf,
ta ce in rage murya, an yi barci.

Na ɗauki famfona zan fita,
ta biyo ni har zaure:
"Saura matashi."

Yanzu haka ina bakin tasha, taya uku na jirana.
Wani direba ya tsura wa hulata ido
yana tambaya me allura ke yi a jikinta.